Darasi: yadda ake gane tsiron Waldmeister da yadda ake shuka shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau muna cikin daji ne a nan Jamus, watan Afrilu na dab da ƙarewa, kuma tsiron da za mu duba shi ne wannan da ya shimfiɗe a gindin bishiyoyi. Jamusawa na kiransa Waldmeister, masana tsirrai kuma Galium odoratum. A tsofaffin littattafai za ku ga an rubuta Asperula odorata, duk shi ne. Danginsa Rubiaceae ne, wato gidansu ɗaya da bishiyar kofi, da gauɗe da tafashiya da giyayya da muka sani a gida.

Bari in matso da kyamara. Kun ga tsayinsa wajen taƙi ɗaya ne, galibi santimita 15 zuwa 30. Ku murza karan tsakanin yatsu, za ku ji yana da kusurwa huɗu, kuma sumul yake. Ganyen ya kewaye karan hawa-hawa, guda 6 zuwa 8 a kowace gaɓa. Furen fari ne ƙarami mai baki huɗu, yana buɗewa daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni. Akwai ɗan'uwansa Galium aparine da mutane ke rikita su, amma wancan kaushi gare shi, yana maƙale wa wando. Idan kun taɓa kun ji yana kama hannu, ba shi ba ne.

To ga abin da ya fi burge ni. Wannan da na yanke yanzu, na shinshina, kusan babu ƙamshi. Amma ga wanda na yanke jiya ya kwana ya yi yaushi. Kai, da ma kuna iya jin wannan! Ƙamshi ne mai daɗi irin na sabuwar harawa, da ɗan zaƙi-zaƙi a ciki. Dalili kuwa, akwai sinadarin kumarin a ganyen, amma a ɗaure yake da sukari. Sai ganye ya fara bushewa ne yake sakuwa. Shi ya sa mutanen zamanin da suka riƙa sa shi cikin katifa da akwatin tufafi, don ƙamshi da korar asu. Har gobe Jamusawa na sa ɗanɗanonsa a lemo da alawa da askirim, sai dai koren da kuke gani a kanti yawanci ɗanɗanon roba ne da launi.

Mu zo kan shuka. Ku ɗaga kai ku ga inda muke: manyan bishiyoyin Buche ne, waɗanda ake kira beech da Turanci, ƙasa kuma cike da ruɓaɓɓen ganye, da laima, da sanyi. Duk wanda zai shuka shi, wannan yanayin zai kwaikwaya. Inuwa yake so, da ƙasa mai laushi mai takin ganye, wadda ba ta bushewa kuma ruwa ba ya kwanciya a kanta. Rana mai zafi tana ƙona shi. Masu kallonmu daga Kano ko Maraɗi, gaskiya kada ku ɓata kuɗinku a kan irinsa, zafin bazara ba zai bar shi ba. Amma wanda ke zaune a Turai, ko tukunya ce a baranda ta isa, muddin ba ta fuskantar rana.

Shuka ta iri tana da wahala, don irin ba ya tsira sai sanyin hunturu ya ratsa shi. A watsa shi a watan Satumba ko Oktoba, a bar shi a waje, a yi haƙuri. Ni dai na fi son rabawa. Ku duba nan ƙarƙashin ganye, ga siraran jijiyoyi suna rarrafe, kowace gaɓa na fitar da sabon kai. Ku sayi tukunya ɗaya a wurin masu sayar da shuke-shuke, ku raba ta gida uku ko huɗu da hannu, ku dasa da tazarar santimita 20 zuwa 30, ku ba shi ruwa sosai. Kada ku sa fartanya kusa da shi, saiwarsa a sama take. Idan ganyen bishiya ya zubo, ku bar masa, abincinsa ke nan. In wuri ya karɓe shi yana yaɗuwa sosai, don haka a yi masa iyaka tun farko.

Wajen girbi, a yanka da almakashi kafin fure ya buɗe, kada a tumɓuke. A Jamus an yarda mutum ya ɗebi ɗan kaɗan a daji don amfanin kansa, ban da wuraren da aka killace. Kuma don Allah a kula da yawansa: kumarin in ya yi yawa yana kawo ciwon kai, yana iya taɓa hanta. Kimanin giram 3 na ɗanyen ganye a lita ɗaya ta abin sha ya wadatar, a jiƙa na ɗan lokaci a cire. Mai juna biyu kuwa gara ta haƙura da shi.