Taba Sigari da Mata Masu Juna Biyu a Birtaniya: Yadda Al'adar Ta Koma Gidajen Talakawa

A shekarun 1950, mace mai juna biyu a Birtaniya kan kunna sigarinta a gaban kowa ba tare da an ɗaga mata ido ba, domin a lokacin shan taba ya zama ruwan dare a tsakanin masu hali da marasa hali. A 1957 ne Winea Simpson ta wallafa bincike a Amurka da ya nuna cewa haihuwar bakwaini ta fi yawa ga masu shan taba. Daga bisani binciken da aka yi a kan jarirai kimanin 17,000 da aka haifa a Birtaniya cikin mako guda na watan Maris 1958 ya tabbatar da cewa taba tana rage nauyin jariri, tana kuma ƙara haɗarin rasa shi.

Dalilin kuwa a fili yake. Sinadarin nikotin yana matse jijiyoyin jini, iskar guba da ke cikin hayaƙin kuma tana ƙwace gurbin iskar numfashi a jinin uwa, sai abin da ke isa ga ɗan tayi ta mabiyiya ya ragu.

Da gargaɗi ya yawaita, shan taba ya ragu ƙwarai: a Ingila, daga kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu haihuwa a 2006 zuwa ƙasa da kashi 8 a 2024. Sai dai masu ilimi da wadata ne suka riga kowa bari. Binciken shayar da jarirai na 2010 ya gano cewa kashi 20 na iyaye mata masu aikin ƙarfi sun sha taba har suka haihu, alhali a cikin manyan ma'aikata kashi 4 ne kacal. A garin Blackpool, inda talauci ya yi katutu, an taɓa samun mace ɗaya cikin huɗu tana sha har ranar haihuwa.

Abin takaici ne a ɗora wa waɗannan mata laifin duka, domin wadda bashi ya yi wa yawa, mijinta kuma yana busa taba a ɗaki ɗaya da ita, ba ta rasa sanin illar ba, tallafi ta rasa. An gwada ba su tallafi a Glasgow, aka wallafa sakamakon a 2015: da aka haɗa shawarar ma'aikatan lafiya da takardun sayayya na har fam 400, kashi 22.5 suka daina, yayin da a cikin waɗanda ba a ba su takardun ba kashi 8.6 ne suka iya.