Kati 17 da daren da na kasa barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace na kunna kyamarar nan, kuma na ga gara in amayar da abin da ke zuciyata tun yana da zafi. Daren jiya na halarci irin taron nan da ake shiryawa a nan ƙasar waje domin ma'aikata su haɗu su san juna, inda kowa ke zuwa da katunansa masu ɗauke da suna da lambar waya. Wani mutum ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya tambaye ni aikin da nake yi. Ban kai ga ƙarasa amsa ba sai na lura idanunsa sun bar fuskata, sun haura ta kan kafaɗata suna laluben wanda ya fi ni amfani a cikin ɗakin. Ya cusa mini kati a hannu, ya ce sai mun yi magana, ya yi gaba. Na jima a tsaye a wurin ina jin kamar an ɗora ni a sikeli an ga ban kai ba.

Na dawo gida da kati 17. Da na baje su a kan tebur, fuskokin mutum uku kacal na iya tunawa. Na kwanta barci ya ƙi zuwa, ina ta juya maganganun da na yi da waɗanda ya kamata in yi, ina kuma ɗaga waya kowane ɗan lokaci domin in ga ko wani ya amsa gayyatar da na tura masa a LinkedIn, shafin intanet da ma'aikata da masu neman aiki ke ƙulla sanayya. Abin da ya fi ƙona mini rai a cikin daren shi ne da na gane cewa ni ma na yi wa wasu irin kallon da mutumin ya yi mini.

Ba na cewa neman sanayya laifi ne, domin akwai dalili mai ƙarfi da ya kai ni wurin. A shekarar 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincikensa a kan ma'aikatan da suka canja aiki a garin Newton da ke kusa da Boston. Ya gano cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, mafi yawansu ta hannun wanda suke gani jifa-jifa ne suka samu, ba ta hannun aminan da suke tare da su kullum ba. Dalilin a fili yake: amininka yana yawo ne a inda kake yawo, labarin da ya ji kai ma ka ji shi, amma wanda kuka saba sama-sama yana shiga wuraren da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi na tsawon shekara biyar a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wanda ya ƙarfafa wannan magana, sai dai ya nuna cewa alaƙar da ta fi kawo aiki ita ce mai matsakaicin rauni. Wato dole ne a ce akwai wani zare tsakaninku, ko da siriri ne. Kati da aka cusa wa mutum cikin minti ɗaya bai ɗaura komai ba.

Ni shaida ne a kan haka, kuma ina faɗin hakan da alfahari. Aikin da nake yi yanzu ban same shi a wani taro ba. Akwai wani dattijo da muke jiran bas tare kusan kowace safiya a shekarata ta farko a nan, lokacin da ban san kowa ba kuma sanyi yana neman ya kore ni. Nakan gaishe shi, in tambaye shi yadda gwiwarsa ta kwana, domin na lura yana dafa ƙarfe kafin ya hau. Wata rana wayarsa ta rikice na gyara masa a tsaye. Sai bayan watanni ya tambaye ni abin da na karanta, kuma ta hannun surukinsa na ji labarin gurbin da na nema. Ban taɓa gaishe shi da tunanin zai yi mini wani amfani ba, kuma na tabbata da ya ga alamar haka a idona da gaisuwar ta mutu tun makon farko.

Shi ya sa nake gargaɗinku, musamman ku da kuka iso kwanan nan kuna jin kowa na cewa sai da sanayya ake ci gaba. Kada ku bari tara sunaye ya zame muku ciwo. Robin Dunbar, masanin halayyar ɗan Adam na Birtaniya, ya ƙiyasta cewa mutum ba zai iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da kusan mutum 150 ba, kuma na ƙut da ƙut a cikinsu ba su wuce biyar ba. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas kuwa ya lissafa a 2018 cewa sai an shafe kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, sannan fiye da awa 200 kafin a zama aminai. To ina awannin za su fito idan kowane maraice na ƙarewa a wurin gaisawa da sababbin fuskoki? Na ga waɗanda wayarsu ke cike da lambobi, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da su babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa. Ba banza ba gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018. A irin waɗannan ranaku ne kewar gida take kama ni sosai, ina tuna mutanen da idan suka tambaye ni lafiya sukan tsaya su saurari amsa.

Da asuba na haƙura da barcin, na ajiye wayar a ɗaki na fita tattaki na kusan minti 20. Ina tafiya ina jan numfashi a hankali, ina sakinsa a hankali fiye da yadda na ja shi, domin tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya, kuma na sha gwada hakan ya yi mini aiki. Titi babu kowa sai motar kwashe shara da haskenta mai walƙiya. A nan ne na fahimci cewa abin da ya hana ni barci lissafi ne, ina ƙirga wanda ya lura da ni da wanda bai lura ba, alhali ba ni da iko a kan ko ɗaya daga ciki. Abin da ke hannuna shi ne yadda zan saurari wanda ke gabana. Tun da na ajiye lissafin sai ƙirjina ya saki, hankalina ya dawo jikina.

Da na dawo na ware katunan nan uku da na tuna masu su. Ɗaya na wata mata ne da ta ambata mini cewa ta kusa canja gida kuma abin yana damunta, na rubuta mata saƙo ina tambayarta ko ta samu wurin da take nema, ban sako maganar aiki ba ko kaɗan. Sauran 14 ɗin suna cikin aljihun tebur. Yanzu da na kashe kyamarar nan dattijon zan kira, domin rabon da in ji muryarsa an fi wata biyu, kuma ban san halin da gwiwar tasa take ciki ba.