Salon Maganar Turanci: Kada Ku Bi Ta Faransanci

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa da Ngaundere. Yau za mu duba abin da ke kayar da ɗalibai da yawa a Turanci, wato maganganun da ma'anarsu ba ta cikin kalmominsu.

Tun 1961 Faransanci da Turanci ne harsunan gwamnati a Kamaru, amma mu nan arewa yawancinmu da Faransanci muka yi makaranta. Shi ya sa in mun ji Turanci, sai mu fara juya shi zuwa Faransanci a ka, kalma bayan kalma. A salon magana, wannan hanyar ɓatar da mutum take yi.

A ce abokin cinikinka daga Bamenda ya dubi sabon babur ya ce "it costs an arm and a leg". Ba wanda za a yanke wa hannu ko ƙafa. Bafaranshe da idanunsa yake biya, "les yeux de la tête". Mu kuwa cewa muke "ɗan karen tsada", kuma ba wanda ya taɓa tambayar ina karen yake. To haka za ku riƙe ta Turancin, dunƙule guda, ba sauya ko kalma ɗaya. Kuna cewa "an arm and a foot", kun ɓata ta.

Ruwan Agusta in ya sauka a Garwa kamar da bakin ƙwarya, littafi zai koya muku "raining cats and dogs". Ku san ta saboda jarrabawa, amma ta tsufa; "it's pouring" aka fi ji a bakin mutane.

Wadda ta fi damuna ita ce "kick the bucket". Ƙamus zai ce muku mutuwa take nufi, kuma gaskiya ne. Sai dai magana ce ta wasa, irin wadda ake yi kan wanda ba a damu da shi ba. Don Allah kada ku kai ta gidan makoki. In maƙwabcinku Bayarabe ko mutumin Buea ya yi rashi, "passed away" za ku ce, ita ce daidai da "ya rasu". Duk wadda za ku rubuta a littafinku, ku rubuta ta da jimlar da kuka ji ta ciki, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa.