Batir a gida ba tare da sola ba: awa nawa NEPA ke ba ku?

Assalamu alaikum. Ƙarfe biyu na dare, watan Afrilu, a Kano. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, yara na ta juyi a kan katifa saboda zafi, sauro na kuka a kunne. Amma a gidan maƙwabci fanka na juyawa, babu ƙarar janareta, babu warin fetur, kuma in gari ya waye kuka duba rufinsa ba za ku ga farantin sola ko ɗaya ba. Inbata ce da batir kawai. Yau za mu ga yadda abin yake aiki, da wanda zai amfane shi, da wanda kuɗinsa zai salwanta in ya saya.

Ku tuna tankin ruwa da ake ɗorawa a saman gida. Idan ruwan famfo ya zo, tanki ya cika. Idan aka ɗauke, sai a sha abin da aka tara. Haka batir yake. NEPA ce famfon, batir ne tankin. Ita kuwa inbata aiki biyu take yi: in akwai wuta tana cajin batir, da an ɗauke kuma sai ta juya wutar batir ta mayar da ita irin wadda fanka da talabijin suke sha, cikin ƙiftawar ido. Mai sola tamkar wanda ya haƙa rijiya ne a gidansa. Wanda ba shi da ita, da famfon gwamnati ya dogara. Don haka kafin a yi maganar farashi, akwai tambayar da ta fi komai: awa nawa ake ba unguwarku wuta a rana?

A Najeriya an kasa masu shan wuta rukuni biyar. 'Yan Band A an yi musu alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wannan a takarda ke nan. Ku samu littafi ku rubuta da hannunku na mako biyu: ƙarfe nawa aka kawo, ƙarfe nawa aka ɗauke, kuma da ƙarfi ta zo ko kwan fitila ja yake yi kamar garwashi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin inbata da yawa ba sa karɓar wuta mai rauni. Za ku ga akwai wuta a layi amma batir ba ya shan komai, sai an haɗa da sitabilaiza.

Dalilin da ya sa na nace a kan awoyin nan shi ne, kowane batir akwai saurin da yake iya shan caji. Batirin ruwa, wanda a kasuwa ake kira tubula, mai 12V 200Ah (Ah ɗin girman tankin yake nunawa), ana cajinsa ne da kamar amfiya 20, wato ma'aunin yawan wutar da ke shiga cikinsa. Idan kun sha rabinsa da dare, a lissafi awa biyar zai mayar. A zahiri kuwa ƙarshen cajin a hankali yake tafiya, sai ya ɗauki awa takwas zuwa goma kafin ya cika taf. To ku duba gidan da ke samun wuta awa huɗu. Yau batir bai cika ba an sha, gobe ma haka, jibi ma haka. Wani abu kamar gishiri ya riƙa daskarewa a kan farantan dalmar da ke cikinsa, ƙarfinsa na raguwa, har ya mutu tun kafin lokacinsa. Na ga wannan a gidan wani ɗan'uwana. Ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi batir biyu sababbi fil, kafin shekara ta zagayo ko awa biyu ba sa riƙe fanka. Ya yi ta zargin mai shago, alhali batirin bai taɓa ƙoshi ba tun ranar da aka kawo shi. Abin ya ba ni takaici, don da an tambaye shi awoyin wutar unguwarsu tun farko, da ba a kai ga haka ba.

A nan ne batirin litiyom ya yi fintinkau, musamman wanda za ku ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa. Mai 100Ah zai iya shan amfiya 50 ba tare da ya cutu ba, wato cikin awa biyu zuwa uku ya cika. Zama rabi-rabi kuma ba ya lalata shi. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya tara, inda batirin ruwa ba a so a wuce rabinsa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Tsadarsa ranar saye ita ce ke korar mutane. Amma ga wanda wutarsa ba ta wuce awa huɗu ko biyar ba, ni ban ga wata hanya ba sai shi. Sai dai ku kula da wata lamba da masu saye ba sa tambaya: amfiya nawa cajar da ke cikin inbatar take bayarwa? Idan 15 ce ko 20, kun sayi babban tanki ne kuka haɗa shi da siririn tiyo.

Yanzu mu yi lissafin gida. Fankar sama tana shan kamar wat 75, uku sun zama 225. Ƙwayayen fitila na zamani shida, kowanne wat 10, 60 ke nan. Talabijin da dikoda a ce 70, cajin wayoyi 20. Jimilla wat 375. Idan duk suna kunne awa takwas, an sha yunit uku, irin yunit ɗin da mitarku ke ƙirgawa. Batirin ruwa biyu masu 200Ah a rubuce suna ɗauke da yunit 4.8, amma rabi ne naku, wato 2.4, kuma inbata za ta ci nata kaso. Sai ku ga tsakanin awa biyar da shida ta fara kukan gargaɗi, kafin asuba fanka ta tsaya. Idan kuwa an kashe talabijin da fitilu lokacin kwanciya aka bar fanka kawai, waɗannan batiran za su kai ku har kiran sallar farko. Kuma da za ku canza fankokin zuwa irin masu shan wat 25 ko 30, da kun rage nauyin fankokin fiye da rabi.

Mutane kan ce, "Tawa 3.5kVA ce," suna zaton za ta fi daɗewa. Wannan lambar faɗin bututu take nunawa, wato kayan da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Daɗewa a batir take. Inbata mai 1.5kVA wat 1,200 ko kusa da haka take ɗauka. Dutsen guga shi kaɗai yana shan 1,000 ko fiye, butar dafa ruwa ta lantarki kusan 2,000. Waɗannan da hita, a sa mai wayarin ya raba musu layi, su jira NEPA. Firji ba ya shan da yawa in yana tafiya, amma lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye, don haka a bar masa sarari. Kuma a sayi inbata mai tsaftatacciyar wuta, wadda a kwalinta aka rubuta pure sine wave. Ɗaya nau'in mai araha shi ne ke sa fanka gurnani, injin firji kuma ya riƙa zafi.

Wutar batir ba kyauta ba ce. In kun zuba yunit goma a batirin ruwa, kamar bakwai ne za su dawo muku, a litiyom takwas ko sama da haka kaɗan. Tun da aka ɗaga kuɗin 'yan Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, mai mita zai ji wannan a aljihunsa. Duk da haka, tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ya saba kwana da janareta zai ga bambanci a wata na farko.

Wurin ajiya ma magana ce. Zafi maƙiyin batir ne. Batirin dalma, irin na ruwan nan, an ƙera shi ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma na iya rage rabin rayuwarsa. Ku tuna bazararmu tana wuce 40. Kada a kulle shi a sito mai rufin kwano, kada kuma a sa shi a ɗakin kwana, domin batirin ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji. A sa shi inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da yara. A duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir (distilled water), ban da na famfo ko na leda. A sa fis tsakaninsa da inbata, da waya mai kauri. In ya mutu kuma, a mayar wa masu karɓar tsofaffi, kada a fasa shi a tsakar gida. Dalma guba ce. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje.

Wannan tsari ya fi dacewa da ɗan haya wanda mai gida ba zai bar shi ya huda rufi ba, da mai zama a bene, da wanda wutarsu tana zuwa amma ba ta zama. Ranar tashi, a kwance a sa a mota. Iyakarsa kuwa mun gan ta a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda a duhu. Duk mai batir ba sola, dare ɗaya ko biyu ya more, daga nan tanki ya ƙafe. Waɗanda suka tsira su ne masu haɗa inbata da janareta: a kunna shi awa uku da yamma, a yi guga, a ja ruwa, batir ya sha, a kashe a kwanta shiru. Saboda haka ko ba ku da kuɗin sola yanzu, ku tambayi mai shago inbatar da ke da mashigar sola a jikinta, wadda suke kira haibirid. Ranar da hali ya samu, farantai da waya kawai za ku ƙara.