Tiyar banki da masu duba ta: lacca kan manhajojin sa ido a kan ma'aunin hasashe

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a sahun gaba, ma'aikatan bankuna da na ƙananan cibiyoyin ba da rance, ƴan'uwa ɗalibai, ina yi muku barka da rana, ina kuma godiya da kuka baro harkokinku a wannan zafi na Maraɗi kuka zo.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a babbar kasuwa ya san inda rigima ta fi tashi, wato wajen tiya. Idan gindin tiya ya lotsa, abin da mai saye yake rasawa a kowane awo bai wuce cikin tafin hannu ba, amma kafin kasuwa ta watse an tara abin da ya kai rabin buhu, kuma babu wanda ya ga lokacin da aka ɗiba. Banki ma yana da tiyarsa. Lissafi ne da ake zuba wa bayanan mutum, kamar cinikinsa da tarihin biyan bashinsa, ya fito da adadi guda wanda da shi za a yanke ko a ba shi rance ko a hana shi. Akwai wanda ke ƙiyasta kuɗin da banki zai keɓe saboda basussukan da ba za su dawo ba, akwai kuma wanda ke zaƙulo hada-hadar da ake zargi. Irin wannan lissafi zan riƙa kira ma'aunin hasashe, haɗarin da ke cikinsa kuwa shi ne a dogara da shi alhali ya lotsa.

A watan Afrilun 2011 babban bankin Amurka, tare da hukumar da ke kula da bankunan tarayya a can, suka fitar da takardar jagora da aka fi sani da SR 11-7, wadda ta ce ɓarna tana shigowa ta ƙofa biyu: ko ma'aunin yana da kuskure tun daga gininsa, ko kuma lafiyarsa ƙalau amma an ɗora shi a kan aikin da ba nasa ba. Shekara guda bayan nan, a 2012, bankin JPMorgan ya yi asarar da ta haura dalar Amurka biliyan 6 a cinikin ofishinsa na Landan. Rahoton binciken da bankin ya yi da kansa ya nuna cewa ma'aunin da ke auna haɗarin cinikin yana zaune ne a cikin jadawalan Excel, ana kwafe alƙaluma da hannu daga wannan shafi zuwa wancan, kuma a wani wuri an raba adadi da jimillar lambobi biyu a maimakon matsakaicinsu, abin da ya sa haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. Ina so ɗalibai su riƙe wannan, domin lissafin da aka kuskure ɗan makarantar sakandare ya iya shi.

Daga nan dokoki suka yi ta ƙaruwa. Hukumar kula da bankuna ta Ingila ta fitar da nata ƙa'idojin a watan Mayun 2023, suka soma aiki a Mayun 2024. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, kuma ta sanya na'urorin da ke auna cancantar mutum ga bashi cikin rukunin masu babban haɗari. A nan gida, ƙa'idojin Bazel na 2 da na 3, wato dokokin ƙasa da ƙasa kan jarin da banki zai tanada saboda haɗari, sun hau kan bankunan yankin sefa na Afirka ta Yamma tun 1 ga Janairun 2018, ƙarƙashin BCEAO, babban bankin yankin, mai hedkwata a Dakar, da hukumar sa ido kan bankuna da ke Abijan. Yawan takardun da waɗannan dokoki suke nema shi ya buɗe kasuwa ga kamfanoni irin su SAS da IBM, waɗanda ke sayar da manhajojin da za mu duba.

Abu na farko da manhajar take kawowa shi ne rajista, wato kundi guda da ke ɗauke da kowane ma'auni na banki: wanda ya gina shi, wanda ke amfani da shi, bayanan da aka horar da shi a kansu, da ranar da aka duba shi ta ƙarshe. Wani zai ce wannan ai aikin magatakarda ne. To, na taɓa yin aikin bincike a wata cibiyar ba da rance, na tambayi shugabanta ma'auni nawa suke da shi, ya ce ɗaya. Kafin mako ya ƙare na gano wasu a kwamfutocin ma'aikata, ciki har da wani jadawali da ke ƙayyade yawan rancen ƴan kasuwar wake, wanda mai gina shi ya bar aiki da daɗewa, ya kuma tafi da kalmar sirrin da ta kulle lissafin. Kullum ana zuba masa alƙaluma ana karɓar amsa, babu mai iya buɗe shi ya ga abin da ke ciki. Sababbin manhajoji suna iya bin rumbunan kwamfutocin ma'aikata su tono irin waɗannan, sannan su jera ma'aunai daki-daki bisa nauyin kuɗin da ke rataye a kansu, don a san wanda za a duba duk shekara da wanda zai iya jira.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne shafar mu, shi ne sa ido kan gocewa. Ma'auni yana koyo ne daga abin da ya wuce, saboda haka duk ranar da duniya ta sauya yakan ci gaba da ba da amsar jiya ba tare da ya nuna wata alamar shakka ba. A da sai ƙarshen shekara ake ganewa, bayan basussuka sun riga sun maƙale. Yanzu manhajar tana kwatanta bayanan da ke shigowa da waɗanda aka yi horo da su, kullum ko mako-mako, idan tazara ta wuce iyakar da aka sa sai ta aika wa mai alhakin gargaɗi. Ku dubi garin nan. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi warwas, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar kuma iyaka ta sake rufuwa. Ɗan kasuwar da ke kai kaya ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wanda yake sayarwa da naira amma yake biyan bashinsa da sefa, ya tashi daga amintacce zuwa mai wahalar biya cikin watanni kaɗan, alhali halinsa bai sauya ba ko kaɗan. Ma'aunin da aka gina da alƙaluman 2017 zai ci gaba da ba shi maki mai kyau. Manhaja za ta buga ƙararrawa, wannan gaskiya ne, amma ba za ta faɗi dalili ba, dalilin yana bakin ƴan canji da direbobin manyan motoci. Kuma idan wanda ya sa iyakar gargaɗin bai san cewa kuɗi suna ƙaranci a hannun manomi lokacin damina su dawo da kaka ba, ƙararrawar za ta riƙa kuka duk shekara har a gaji a daina saurarenta.

Akwai kuma adana sawu, inda kowane gyara da aka yi wa ma'auni yake shiga tarihi da sunan mai yin sa da ranar, ta yadda idan mai bincike ya zo daga Abijan ko Yamai ya tambayi dalilin hana wani rance shekara biyu da suka wuce, za a iya ɗauko ainihin sigar da ta yanke hukuncin. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ke buƙatar a tsaya a kansa shi ne tace sunaye don yaƙi da halatta kuɗin haram, aikin da rahotonsa ke zuwa ga CENTIF, hukumar da ke karɓar bayanan hada-hadar kuɗin da ake zargi. Mutum ɗaya zai iya zama Ousmane a takardarsa ta Nijar, Usman a ta Najeriya, ga Aboubacar da Abubakar, ga Mahamadou da Muhammadu. Idan an tsananta ma'aunin kamanta sunaye zai tare rabin unguwa, idan an sassauta shi wanda ake nema zai wuce. Manhajar da ba a gwada ta da sunayenmu ba, ba a gwada ta ba tukuna, ko da wane hatimi ta zo.

Sabon abin da ake ta talla a kai yanzu shi ne manhajar ta rubuta rahoton tantancewa da kanta, ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, ta kuma jera kowane sashe a gaban ayar dokar da ya cika. Yana rage wahala, ban musa ba, amma ina da ja a kansa ta fuska biyu. Dokokin da ake ɗorawa a ciki tun daga masana'anta galibi na Amurka da Turai ne, don haka ku tambayi mai sayarwa ƙarara ko akwai umarnin BCEAO, da kuma inda za a ajiye bayanan abokan hulɗarku, tunda Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP da ke tsaronta. Na biyu, na'urar da ke rubuta rahoton ita ma ma'auni ce, tana iya kawo magana mai daɗin karatu wadda ba ta da tushe, saboda haka wajibi ne a shigar da ita cikin rajistar nan a riƙa duba ta kamar sauran.

Takardar 2011 ta dage a kan cewa dole a sami mai ƙalubalantar ma'auni wanda yake da ilimin yin haka, ba ya ƙarƙashin wanda ya gina shi, kuma maganarsa tana da nauyin da za ta sa a gyara. A wurinmu nan ne gizo ke saƙa, domin tarbiyyarmu ba ta saba yaro ya dubi babba ya ce masa lissafinka bai yi ba, balle idan babban shi ne mai sa hannu a ƙarin girmansa. A nan na ga amfanin wani tsari da manhajojin ke da shi: ma'auni ba ya shiga aiki sai mai tantancewa ya sa hannu, idan kuma shugaba ya tsallake shi, sunan shugaban da ranar da hujjarsa suna shiga tarihi, ba sa gogewa. Ƙaramin ma'aikaci yakan sami sauƙin cewa ranka ya daɗe, na'ura ce ta ƙi buɗewa. Sai dai wanda ke riƙe da mabuɗin manhajar yana iya kashe wannan tsari tun ranar da aka girka ta, saboda haka kwamitin gudanarwa ne ya kamata ya yanke wanda zai riƙe shi, a rubuce.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo, kuma la'asar ta kawo jiki. Zan karɓi tambayoyi uku kafin mu tashi salla, ina roƙon a fara da ma'aikatan ƙananan cibiyoyin rance da ke zaune can baya.