Lacca: Na'urar da ke da wuyar buɗewa ba a duba cikinta

Assalamu alaikum. To ɗalibai, ku matso gaba don na baya su ji, yau maganar BOP za mu yi, wato na'urar nan da ake ɗorawa a bakin rijiyar mai don ta toshe ta idan gas ko mai ya yunƙuro daga ƙasa. Kun dai san lakar haƙa ce mai tsaro na farko, nauyinta ne ke danne matsin da ke ƙasa, sai ta gaza sannan a koma kan BOP. Tun 1922 James Abercrombie da Harry Cameron suka ƙera samfurin mai muƙamuƙai biyu da ke haɗuwa su rufe ramin, har yau kuma a kan wannan dabarar ake, ƙarfe ne kawai ya ƙaru.

Ni abin da ke damuna shi ne mu injiniyoyi in muka zauna zane, hankalinmu duk yana kan ƙarfi, psi (ma'aunin matsi) dubu nawa za ta ɗauka, amma ba ma tuna bawan Allahn da zai kwance ta ƙarfe uku na dare, a gajiye, hannu duk giris, ga oga a kansa yana cewa a yi sauri. Robobin cikin na'urar nan ci suke yi, zafi da laka da gogar bututu na cinye su, dole a canja. To a tsohon zane kafin ka kai ga robar sai ka kwance manya-manyan kusoshin ƙofa, kowanne sai da injin ɗaurewa, ka gama ka mayar ka ɗaure daidai awo, awanni sun tafi. Kamar motar da sai an sauke inji kafin a canja fulogi, ai kun san mai ita zai yi ta cewa sai wani satin. Shi ya sa wasu kamfanoni suka fito da ƙofa marar kusoshi, wadda haidirolik ke buɗewa ya kulle, irin samfurin NXT na kamfanin Shaffer.

Yanzu ku kai wannan matsala ƙarƙashin teku. Jirgin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga ran 20 ga Afrilu 2010, a Tekun Meksiko, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. BOP ɗinsu na zaune a zurfin wajen mita 1,500, an yi ta don psi 15,000, kuma hayar jirgin haƙar ta kusa dala dubu 500 a rana, to ku lissafa, fito da ita sama a gyara a mayar kwanaki ne, wa zai so ya sa hannu a wannan takarda?

Ga abin da hukumar CSB ta Amurka, mai binciken haɗurran sinadarai, ta bayyana a rahotonta na 2014, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Na'urar tana da akwatin sarrafawa biyu, shuɗi da rawaya, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya tsaya. A shuɗin an haɗa waya ba daidai ba har batir ya zuƙe. A rawayan kuma akwai bawul mai naɗin waya biyu, an juya wayar ɗaya, sai suka zama suna ture juna maimakon su ja tare. Abin mamaki, wani ƙaramin batir da ya mutu a rawayan shi ya kashe naɗi ɗaya, har bawul ɗin ya samu ya yi aiki, kuskure ya gyara kuskure. Wuƙar BOP ɗin da ke yanke bututun haƙa ta rufe rijiya ta motsa, sai dai bututun ya riga ya lanƙwashe ya koma gefe, ba ta iya yanke shi ta rufe ba.

Wani zai ce laifin mai haɗa waya ne. Eh yana da nasa, amma ni mai zane nake tuhuma, don me za ka yi soket ɗin da zai karɓi waya ta kowace fuska? Don me batirin da ran mutane ke kansa ba ya aiko da bayanin cajinsa sama? Dokar da Amurka ta fitar a 2016 ta ce duk shekara 5 a wargaza na'urar a duba, madalla, amma doka ba ta rage nauyin kusa ko ɗaya.

Kar ku ce wannan na masu teku ne. A Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe an haƙa, a Agadem ta Nijar ana fitar da mai tun 2011, can ba ruwa amma akwai nisa da rairayi da zafin da ke busar da roba tun tana cikin sito, in sil ɗaya, wato robar toshewa, ya lalace babu irinsa a kusa sai a zauna jiran mota. Don haka in kuna zaɓen na'ura ku tambayi mutum nawa ke buɗe ta, da wane kayan aiki, kuma ko robar wannan muƙamuƙin za ta shiga wancan. Wanda ke ɗaga hannu can baya, bismillah.