Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, Yayin Ziyararsa a Makarantarmu ta Horar da 'Yan Ƙwallo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, babban baƙonmu na yau, manyan jami'an da suka rufa masa baya, shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa, iyayenmu maza da mata, masu horarwa, 'yan jarida, da ku 'ya'yanmu da kuka ɗaure takalma tun da sassafe kuna jiran a busa usur, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. A madadin hukumar wannan makaranta da iyayen yaran nan, ina yi maka maraba lale. Mun san ofishinka ba ya rabo da jama'a, amma ka ture komai ka tako da ƙafarka. An sha kai maka rahotonmu a takarda, yau kuwa gani ya kori ji. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

A taro irin wannan an saba mai masauki ya jero tarihin makaranta da kofunan da ta ci. Kofunan ga su can a kan tebur, za ka gan su. Ni dai ina neman izini in yi amfani da ɗan lokacin da aka ba ni in ba da labarin wani yaro da ba ɗalibinmu ba ne, bai ma taɓa taka wannan fili ba, amma in ka tambayi 'yan wasan gabanmu wa suke so su zama, sunansa za su kira maka: Victor Osimhen. Su ƙwallayensa suka haddace. Ni kuma akwai wani yanki na tarihinsa da nake so mu duba tare da kai, domin a cikinsa ne buƙatarmu take.

An haifi Osimhen a Legas ranar 29 ga Disamba, 1998, ya tashi a unguwar Olusosun, kusa da babbar bolar birnin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya yi tallan ruwan leda a tsakanin motoci. A wata ƙaramar makarantar ƙwallo mai suna Ultimate Strikers ya samu horo, makarantar da ba ta fi irin tamu ba. Daga nan koci Emmanuel Amunike ya ɗauke shi cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta je gasar cin kofin duniya a ƙasar Chile a 2015. Wasa 7 Najeriya ta buga, babu wanda bai zura ƙwallo a cikinsa ba. Ya tashi da ƙwallo 10, adadin da ba a taɓa ci a gasar ba kafin shi, ya karɓi takalmin zinare, Najeriya kuma ta doke Mali da ci 2 da nema a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin karo na 5.

To, ranka ya daɗe, a nan yawancin masu ba da labari ke yin tsalle su dira a Italiya. Mu kada mu yi tsallen.

Dokar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai da aka keɓe. Don haka sai a Janairun 2017 ya koma Wolfsburg ta Jamus. Ya yi shekara ɗaya da rabi a can. Ƙwallo nawa ya ci? Ko ɗaya. Yaron da duniya ta yi wa tafi a Chile ya koma ɗumama benci, yau ciwo, gobe tiyata a kafaɗa, ga sanyi, ga harshen da ba ya ji. Da ya zo hutu gida a 2018 sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Ya tashi a rame ya tafi gwaji a Beljiyam, ƙungiyoyi biyu, Zulte Waregem da Club Brugge, suka duba shi suka ce ba su so. A lokacin bai cika shekara 20 ba. Najeriya ta je gasar cin kofin duniya ta Rasha a wannan shekarar, ba ya cikin tawaga, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi a kan rashinsa ba.

Da a ce an kawo mana takardar wannan yaro a watan Yulin 2018, aka ce mu yanke hukunci, da yawancinmu cewa za mu yi tauraron ƙananan yara ne kawai, wutarsa ta mutu. Mu masu horarwa mun iya wannan magana, 'yan kallo kuma sun fi mu iyawa.

Sai Charleroi ta Beljiyam, wadda ba ta cikin manyan ƙungiyoyin Turai, ta karɓe shi aro. Abin da ta ba shi ba wani abin mamaki ba ne: kulawar likita, da koci mai haƙuri, da damar buga wasa kowane mako. Ya biya ta da ƙwallo 20 a kaka ɗaya. A 2019 Lille ta Faransa ta saye shi, ya ci mata 18 duk da annobar korona ta katse kakar, aka ba shi kyautar Marc-Vivien Foé ta gwarzon ɗan Afirka a gasar Faransa. A 2020 Napoli ta Italiya ta ajiye kimanin Yuro miliyan 70 ta ɗauke shi. Shekara biyu kacal tsakanin wanda aka ƙi a gwaji da wanda aka saya a wannan kuɗi. Ƙafar ita ce, yaron shi ne.

A Napoli ma ba a kan tabarma ya kwanta ba. Watanni kaɗan da zuwansa, a Nuwamban 2020, ya zo buga wa Najeriya wasa da Saliyo a birnin Benin, wasan nan da muka ci 4 aka farke su duka aka tashi 4 da 4, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. A ranar kafaɗarsa ta goce, ya yi kusan wata biyu yana jinya. Shekara na zagayowa, a Nuwamban 2021, suka yi karo da Milan Skriniar na Inter a sama, ƙasusuwan fuskarsa suka karye, sai da likitoci suka ɗaure su da ƙarafa da kusoshi. Wannan na cikin abin da ya hana shi zuwa gasar cin kofin Afirka ta Kamaru. Shi ne kuma asalin baƙin takunkumin da yake sawa a fuska. Na faɗi wannan ne saboda 'ya'yanmu, domin akwai waɗanda ke yanka roba su ɗaura a ido wai su ma sun zama Osimhen. Ku sani ba ado ba ne, tabon ciwo ne.

Sai kakar 2022 zuwa 2023, wadda kowa ya sani. Ƙarƙashin koci Luciano Spalletti ya ci ƙwallo 26 a gasar Serie A, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, ya kuma wuce George Weah a yawan ƙwallayen da ɗan Afirka ya ci a cikinta. Ranar 4 ga Mayu, 2023, shi ya farke wa Napoli a gidan Udinese aka tashi kunnen doki, kuma wannan maki ɗaya ya ba ta kofin da rabonta da shi tun 1990, zamanin Maradona. Shekara 33 ke nan. A Disambar 2023, a birnin Marrakesh na Maroko, aka naɗa shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, abin da rabon ɗan Najeriya da samu tun Nwankwo Kanu a 1999. Daga baya ya koma Galatasaray ta Turkiyya aro a 2024, ya ci musu 26 a gasar ƙasar, suka ɗauki kofi, suka saye shi gaba ɗaya a 2025.

Wasansa a Super Eagles kuwa akwai zaƙi akwai ɗaci, kuma ni a ganina ɗacin ya ɗan rinjaya. Ya fara buga wa manya a 2017. Yana cikin waɗanda suka zo na uku a gasar cin kofin Afirka ta Masar a 2019, ko da yake Odion Ighalo ne ke riƙe da gaba a lokacin. Ya taɓa zura 4 shi kaɗai ranar da muka lallasa Sao Tome 10 da nema a 2022. Amma a watan Maris na 2022 ɗin yana cikin fili a Abuja lokacin da Gana ta riƙe mu 1 da 1 ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya ta Katar. A Fabrairun 2024 kuma ya kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, muka fara ci ta hannun kyaftin William Troost-Ekong, masu masauki Kwaddibuwa suka farke suka ƙara. Ƙwallo ɗaya kawai ya ci a gasar, aka yi ta surutu. Wanda ya kalli wasannin da idon koci ya ga yadda yake bin 'yan baya da gudu har sai sun yi kuskure, amma allon ci ba ya rubuta gumi.

Ranka ya daɗe, a tawagar Chile ɗin nan ba Osimhen ne aka zaɓa gwarzon gasa ba. Kyaftin Kelechi Nwakali ne ya karɓi ƙwallon zinare. Arsenal ta ɗauke shi a 2016, ya yi ta zagayen aro a Holan da Fotugal, bai buga wa babbar ƙungiyar wasan gasa ba har ya bar ta. Samuel Chukwueze, abokin tafiyarsu, ya bi ta Villarreal ya ci kofin Europa a 2021, ya wuce AC Milan. Sauran fa? Da yawansu ko sunayensu ba ma iya kawowa yau. Dukkansu haziƙai ne, ba wanda ya je Chile da alfarma. Abin da ya raba su ya faru ne bayan tafin ya lafa: wa ya karanta kwantiragin kafin a sa hannu, wa ya biya kuɗin tiyata, wa ya ɗaga waya ya kira yaro lokacin da ya yi wata shida a benci.

A nan ne muke neman ka shigo. Gano mai basira ba ya ba mu wahala, yaran suna zuwa da kansu, wasu ba takalmi. Inda muke rasa su shi ne ranar da gwiwa ta goce. Yaro ɗan shekara 15 in jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ba likitan ƙashi, ba mai gasa jiki, ba inshora, to ƙwallonsa ya ƙare a ranar, ko da ya fi Osimhen iyawa. Muna roƙon ɗakin jinya ko da guda ɗaya ne da makarantu irin tamu za su riƙa amfani da shi tare, da tsarin inshora ga duk yaron da ke da rajista.

Maganar rajistar ma ba ƙarama ba ce, kuɗi ne zube. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A lissafa kashi 5 na Yuro miliyan 70: miliyan 3 da rabi ke nan. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke bin diddigin wannan haƙƙi ta hanyar fasfon ɗan wasa na kwamfuta. Amma ofishin ba ya sanin makarantar da ba ta cikin rajista, ba ya kuma sanin yaron da takardar haihuwarsa ta zama biyu. Zan faɗi wannan a gaban iyaye: rage shekaru ba dabara ba ce. Yau ana sa yaro a na'urar asibiti a duba ƙashin wuyan hannunsa kafin gasar 'yan ƙasa da 17, wanda aka kama kuma ya ja wa kansa da ƙannensa. In ma'aikatarka ta taimaka kowace makaranta ta yi rajista da hukumar ƙwallo, kowane yaro ya samu takardar haihuwa ta gaskiya tun yana 12, to wata rana kuɗin da zai gyara filayen nan daga Turai zai zo, ba daga baitulmali ba.

Sannan lauya. Uba ne za a kawo wa takarda shafi 20 da wani harshe, dillali na tsaye a kansa yana cewa jirgi gobe zai tashi. Me zai yi in ba dangwala hannu ba? Da akwai lauya ɗaya a ma'aikata da iyaye za su iya kai wa takarda ya duba kyauta, da an rage yaran da ake kwasa a zubar a tashoshin ƙasashen waje. Mu kuma a namu ɓangaren mun riƙe ƙa'ida: wanda bai je aji da safe ba, ba ya taɓa ƙwallo da yamma. Iyaye shaida ne, wasu ma sun yi fushi da mu a kan haka, mun kuma shirya.

Ranka ya daɗe, na ja ka da nisa, ga rana tana yi. Muna sake yi maka maraba, kai da 'yan rakiyarka, muna roƙon Allah ya yi maka jagora a aikin da aka ɗora maka, ya mai da ku gida lafiya. Bayan ka yi mana jawabi za mu zagaya da kai ka ga ɗakin sauya kaya da akwatin maganinmu, sannan 'yan ƙasa da shekara 15 za su buga maka minti 20. Alƙalin wasa ya shirya, muna roƙon ka zama kai ne za ka fara taɓa ƙwallon.

Na gode. Wassalamu alaikum.